Bukukuwan Shekara a Birnin Kano: Rabon Fada da Rabon Gida

In aka ambaci bukukuwan birnin Kano, abin da ya kan fara zuwa zuciyar baƙo shi ne dawaki da algaita da Sarki ƙarƙashin laima. Ba laifinsa ba ne, domin hawa shi ne abin da ido ya fi gani, kuma shi ne Hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a 2024. Amma wanda ya bi kalmomin da Kanawa ke kiran bukukuwan da su, zai tarar hawa sashe ɗaya ne kawai. Sashen da ya fi girma a cikin gidaje ya ke, inda kowane buki ke tuna wa mutum wanda ke da hakki a kansa.

Kalmar “salla” daga Larabci aka aro ta, kuma asalinta ibadar nan ce ta yau da kullum. Hausa ta faɗaɗa ma'anarta har ta haɗa da rana da tufafi da abinci da ziyara, shi ya sa a ke cewa kayan salla, tuwon salla, yawon salla, goron salla. Daga nan ta zama sunan kowane babban buki na shekara, kamar Sallar Cika-ciki da Sallar Takutaha. Watanni ma da bukukuwa talaka ya fi saninsu. Muharram shi ne Watan Cika-ciki, Ramalan Watan Azumi, Shawwal Watan Ƙaramar Salla, Zulhajji kuwa Watan Babbar Salla. Da yake shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kamar kwana 11, bukukuwan nan su kan zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Nan suka bambanta da wasannin kaka, irin su kalankuwa da kokawa, waɗanda ke jiran amfanin gona ya shigo rumbu, kuma suka fi ƙarfi a karkara.

Shekara ta kan buɗe da Cika-ciki, wajen 10 ga Muharram. A kan dafa abin da aka adana na ragon layya, kowa ya ci ya ƙoshi. A lokacin ne kuma taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, ke tsokanar juna suna neman kuɗin shara, jikoki su ma su taso kakanninsu da wasa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amfaninsu shi ne su sa yaro ya san 'ya'yan gwaggonsa da na kawunsa, ko da birni ya raba unguwanninsu.

A Rabi'ul Awwal a ke Mauludi, mako guda bayansa kuma, ranar suna, a yi Takutaha. Ran nan jama'a su kan hau Dutsen Dala, yara da 'yan mata cikin ado, a wuni ana kallon birni daga sama. Dutsen nan shi ne tarihin Kano ya danganta da Barbushe tun kafin Musulunci, ga shi yau ana hawansa don murnar haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

In azumi ya kwana 10, sai tashe ya kama. Sunan daga tashi ya fito, domin asalinsa tayar da mutane ne su yi sahur. Yara su kan bi gida gida da dare suna kwaikwayon malami ko tsoho ko miji da mata, a ba su hatsi ko kuɗi. Har manya na da nasu, domin Nalako, sarkin gwauraye, ya kan zagaya yana tsokanar mazan da suka rabu da aure. Cikin raha a ke yi, amma gargaɗi ne sosai game da zaman iyali.

Hawan Salla kansa, wanda a kan danganta tushensa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), in an duba da kyau ziyara ce. Ran salla Sarki ya kan sallaci Idi a Ƙofar Mata. Kashegari a yi Hawan Daushe, ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sa'an nan hakimai su yi masa jafi a Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nassarawa, inda ya kan ziyarci Gwamna, ya ratsa ta Sabon Gari baƙi su gan shi. Daga baya a fita Ɗorayi ko Fanisau. Ashe abin da magidanci ke yi da ƙafa, gaida iyaye da manya da maƙwabta, shi Sarki ke yi a kan doki.

An sami shaidar wannan a 'yan shekarun nan. A 2020 annobar korona ta hana hawa, a 2024 da 2025 kuma 'yan sanda suka hana shi saboda rikicin sarauta. Masu dawaki da makaɗa da 'yan kasuwa sun yi hasara, amma salla ba ta fasa ba. An fid da zakkar kono, an yi ɗinki, an raba naman layya, yara sun karɓi goron salla wurin dangi.

Abin tsoro shi ne, hawa yana da fada da hukuma da masu ɗaukar hoto da ke tsaron sunansa, amma kuɗin shara da tashe ba su da mai tsaro sai gida. In iyali suka ƙaura daga cikin ganuwa zuwa sababbin unguwanni, su ne ke fara faɗuwa, kalmominsu su bi su. Saboda haka ya kamata malaman da ke horad da malamai su riƙa sa ɗalibansu su rubuto bukukuwan gidajensu, wa ya ba wa, me aka dafa, wa aka fara gaisarwa, tun tsofaffin da suka san amsa suna raye.