Hannun hagu ma yana ɗaukar hoto

Ƴan uwa, duk wadda ta taɓa zama a taron asusunmu na ranar Laraba a nan Maraɗi ta san Madam. Ba za mu faɗi sunanta ba, ita ta roƙe mu haka, amma ta yarda mu ba da labarinta. Tsohuwar malamar lakwal ce, shi ya sa har yau babba da yaro Madam suke ce mata. Tun kafin wasunmu su yi aure take yawo da kyamara rataye a wuya. Ba sana'arta ba ce, ko dala ba ta taɓa karɓa daga hannun kowa ba. Suna, biki, rabon asusu, hawan salla a ƙofar fada, ranar da gulbi ya kawo ruwa, duk tana nan tana ɗauka. A zamanin fim, lokacin da fim guda hoto 36 kawai yake ci, sai ta yi ta tattalinsa kamar hatsin bazara, ta kai wanki ta jira kwanaki kafin ta ga abin da ya fito. A ɗakinta akwai akwatin ƙarfe cike da hotuna. Da yawa cikinmu, hoton uwarmu guda ɗaya da ya rage a duniya a cikin akwatin nan yake.

Bara da zafi, da hantsi, tana shan fura sai ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama. Ɗiyarta ta ɗauka wasa ne. Da ta dube ta sai ta ga baki ya karkace, magana kuma ta koma kamar ta mai magagin barci.

A nan dole mu faɗi laifinmu, don muna wurin. Kafin azahar ɗakin ya cika da mu. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, waccan ta ce jifa ne. Aka kunna turare, aka shafa mata mai, wata ta ɗaga kanta za ta ba ta ruwa, ta shaƙe har idanunta suka yi ja. Sai washegari da safe aka kai ta gidan likita. Addu'ar da muka yi ba laifi ba ce, ita ce ma ta riƙe mu. Laifin shi ne zaman da muka yi, alhali ana iya yin addu'ar a cikin mota.

Likita bai yi mana faɗa ba, ya dai zaunar da mu. Ya ce wannan ciwon da muke kira shanyewar ɓarin jiki, su AVC suke ce masa, kuma ba a hannu ko a ƙafa yake farawa ba, a ƙwaƙwalwa ne. Iri biyu ne. Ko jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, wanda shi ya fi yawa, ko kuwa ta fashe jini ya zuba. Da ido ba a bambance su, sai an saka mutum a sikanar, shi ya sa ba a ba mai ciwon wani ƙwayar magani a gida, don abin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai zubar jini. Ba a kuma ba shi ruwa ko abinci, saboda haɗiya kan lalace, abin ya bi hanyar numfashi. Alamomin su ne waɗanda muka gani da idonmu: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta rikice. In an ga ko ɗaya daga ciki, ko da ta wuce bayan ƴan mintoci, tafiya ake yi nan take, domin duk awar da ta wuce wani yanki na ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa.

Ya kuma warware mana abin da ya ɗaure mana kai. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne mazaunin magana. Shi ya sa hannun dama da harshe suka tafi tare. Madam ta daɗe da sanin tana da tansiyo. In kai ya yi ciwo ta sha magani, in ya lafa ta ajiye. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ciwo, yana nan yana cin jijiya shiru. Daga 14 da 9 zuwa sama, in an auna an sake aunawa yana nan, ya hau ke nan.

Da aka sallamo ta muka shiga yi mata hidima, irin hidimar da daga baya muka gane ta yi yawa. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, an riga ta. Ta buɗe baki tana laluben kalma, mun ƙarasa mata. Ɗiyarta ta naɗe kyamarar a zane ta tura ƙarƙashin gado, wai kada ta gani ranta ya ɓaci. Sannu a hankali Madam ta daina neman komai. Ta juya fuska bango. Zubinta na sati jikanta ke kawowa, ita ba ta zuwa. Abin da ya fi cin ta, kamar yadda ta gaya mana daga baya, shi ne hagun. Macen da ta shekara da shekaru tana hana yara karɓar abu da hagu, yau ga ta tana cin tuwo da shi, tana gaisawa da shi. “Kumya nika ji,” in ji ta. “In na ji sallama sai in ɓoye hannu cikin zane.” Alhali kowa ya sani lalura ce, kuma addini bai ɗora wa mai lalura abin da ba ya iyawa ba.

Wanda ya fasa wannan zaman wani saurayi ne, kine, cikin masu motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ya gaji da yi mata motsin da take yi ba da zuciya ba, ran nan sai ya ce, “Mama, da can me kike yi da hannun nan wanda in kina yi kike manta lokaci?” Kalmar ta ƙi fito mata. Sai ta ɗaga hagu zuwa ido, ta lanƙwasa ɗan yatsa. Ya ce a fito da kyamara. Dalilinsa shi ne, ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya ta kewaye inda ya lalace, amma sai da maimaici, sau ɗari, sau dubu. Mutum kuwa ba ya maimaita abu sau dubu sai abin da yake so.

Ranar farko ba ta yi daɗi ba. Ku duba kowace kyamara da kuka sani, maɓallin ɗauka a dama yake, mariƙin ma a dama, kamar masu ƙera ta ba su taɓa jin labarin bahago ba. Madam ta ɗaga da hagu, yatsa bai kai ba, kyamara ta zame ta faɗi kan tabarma. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a gidan likita. Mu da ke wurin muka ce a mayar da abin nan ƙarƙashin gado. Kine ya ce a bar ta a inda idonta zai riƙa ganinta.

Jikan nan mai kawo zubi shi ya samo dabarar farko. Ya nuna mata cewa a wayar hannu ba dole sai an taɓa gilashi ba, maɓallin ƙara sauti na gefe ma yana ɗaukar hoto, kuma babban yatsan hagu yana kai masa. Akwai kuma agogon jira: ka saita daƙiƙa 3 ko 10, ka ajiye waya, ita da kanta ta ɗauka, ba ruwanta da rawar hannu. Wata tela cikinmu ta ɗinka ƴar jaka ta cika ta da gero. In an aza ta kan turmi ko kan katanga aka nutsa waya a ciki, zama take daram. Kyamarar kuwa, Madam da kanta ta gano a kife za ta riƙe ta, ƙasa a sama, maɓalli ya dawo ƙarƙashin babban yatsan hagu. Hoton yakan fito a juye, jikan ya daidaita shi. Igiyar wuya ba ta sake cirewa ba tun faɗuwar nan.

Wata na biyar ta shigo taro da sanda, tana jan ƙafa. Muka yi guɗa. Ta ce mu jeru. Da aka duba hoton, mata uku da ke zaune ta damarta babu su, an yanke su ƙaf. Aka sake, haka dai. Ɗaya cikin ukun har ta ɗan yi fushi, ta ce, “Madam, ko mun yi miki wani laifi ne?” Madam ta rantse duk wadda ta gani ta saka. Gaskiya ta faɗa. Da aka koma wurin likita ya gwada ta, sai ga shi rabin ganinta na ɓangaren dama ya tafi, a ido biyun duka. Idon lafiyarsa lau, wurin da ke karɓar gani a ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, tabarau ba ya gyara shi. A nan muka fahimci abin da ya sa take karo da ƙyauren ɗaki, da abin da ya sa ba ta ganin mai shigowa ta dama sai ya yi magana. Wata biyar muna tare da ita ba mu lura ba, ita ma ba ta sani ba, sai da hoto ya tona. Aka koya mata juya kai da gangan, ta share wuri da ido daga wannan gefe zuwa wancan kafin ta taka, kafin ta ƙetare titi, kafin ta danna. Yanzu in za ta ɗauke mu sai ta ƙirga mu da baki tukuna.

Hotunanta sun canza, kuma a ganinmu sun fi na da. Da can mai sauri ce, ta kutsa nan ta ɓulla can. Yanzu gajiya ba ta barinta, irin gajiyar da ke bin masu wannan ciwo ko ba su yi aikin komai ba. Sai da sassafe da kuma bayan la'asar take fita, wanda dama shi ne lokacin da haske ya fi taushi, ba ya ƙona fuska. Takan zauna a kujera ƴar tsugune ta jira abu ya zo ya same ta. Kuma hannaye take ɗauka. Hannun ma'ajiyarmu yana ƙirga kuɗi, hannun mai murza ƙuli-ƙuli yana sheƙi da mai, hannun amarya da lalle, hannun tsohuwa kan carbi. Mun tambaye ta dalili. Ta daɗe tana haɗa maganar, mun kuwa koyi yin shiru mu jira, sannan ta ce, “Da ban san shina da aiki haka ba.”

Wayar ta zame mata baki na biyu. In kalma ta ɓace, sai ta buɗe hoto ta nuna: ga tattasai, ga kwalin maganinta, ga ƙofar gidan ƙanwarta. Jikanta ma yakan zauna da ita kan akwatin ƙarfen nan, ya zaro tsohon hoto ya ce, “Kaka, wace ce wannan?” Wani sunan ya fito nan da nan, wani sai gobe.

Kada wata ta karanta wannan ta ce hoto magani ne. Hannun dama bai dawo yadda yake ba. Yatsu suna buɗewa rabi, ƙafa har yanzu ja take. Sauƙi ya fi saurin zuwa a wata uku zuwa shida na farko, bayan nan yakan ci gaba amma a hankali, kuma kowa da inda nasa ke tsayawa. Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin ya sake dawo masa, shi ya sa maganin tansiyo ya zama na kullum, ko kai na ciwo ko ba ya yi. Tukunyar gidan ma an taɓa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da kanwa. Mu da ke jefa dunƙule uku mu bi da gishiri, kowa ta yi lissafin tukunyarta.

Daga kuɗin taimakon juna muka sayi abin awon tansiyo na ɗaurawa a dantse. Duk Laraba, kafin a buɗe akwati, wadda ke so a auna ta. Awon ba ya maye gurbin likita, yana dai nuna wadda ya kamata ta je. Madam ce mai ajiye lissafi, tunda rubutu da hagu bai zauna mata ba tukuna: ta ɗauki lambar da ta fito, ta ɗauki fuskar mai ita. Mata biyu da ke rantsuwa lafiyarsu ƙalau an tura su gidan likita ta haka.

Ranar rabon asusun bana ta sa aka kawo turmi tsakar gida, ta aza jakar geron, ta saita kyamara. Ta ƙirga mu, ta juya kai dama ta sake ƙirgawa. Sai muka ga ba ta kife kyamarar ba. Ta kama hannun dama da na hagu ta ɗora shi a kan maɓalli. Yatsan ya zame. Ta mayar. Ya sake zamewa. Ɗiyarta ta yunƙura za ta tashi, ma'ajiya ta riƙe mata zane. A karo na huɗu muka ji ƙarar dannawa.

Hoton ya ɗan karkace, kan shugabarmu ya kusa taɓa gefe. Mu ashirin da bakwai ne a wurin, kuma duk mun fito. An wanke shi babba, kowa ta zuba abin da ya sawwaƙa. Madam ta ce a Laraba mai zuwa kowa ta zo da ɗiyarta ko jikarta, akwai waɗanda ba ta ɗauka ba tukuna.