Furfura Ba Ta Hana Karatun Sama

A shekarar 1973 wani farfesa mai suna Pierre Vellas ya buɗe ƙofar Jami'ar Tulus ta Faransa ga waɗanda suka yi ritaya. Ba jarrabawa, ba neman takardar shaida. Da tsarin ya ƙetara zuwa Ingila a 1982 sai ya sauya kama: dattawan ne ke koyar da junansu a ƙungiyoyin da ake kira U3A. Cikin darussansu har da ilimin taurari, kuma a ganina babu fannin da ya dace da manyanta kamarsa.

Sama ba ta son mai gaggawa. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haƙurin da yaro mai waya a hannu ba shi da shi. Ƙwayar idon tsoho ba ta buɗewa kamar ta saurayi, amma ƙaramin madubin hangen nesa na cike gurbin. A ɗora shi kan katanga don kada hannu ya yi rawa, za a ga ramukan jikin wata, a ga watannin Mushtari huɗu da Galileo ya hango a 1610. Gobe in an sake dubawa, sun sauya wuri.

Namu dattawan kuwa ba daga tushe za su faro ba. Tsohon manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta. Malamin zaure na lissafa taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai 14, jimla 365. Abin da ya rage musu shi ne dalili. Me ya sa azumi ke zagaya damina da rani? Wata na cika zagayensa a kwana 29 da awa 12 da minti 44, sai shekararsa ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Zara ta magariba da Gamzaki na asuba ma duniya guda ce, ba biyu ba. Wanda ya ga duhun da ya rufe Gusau da Katsina da hantsin 29 ga Maris 2006 ya cancanci a nuna masa yadda aka san ranar husufin tun shekaru kafin ta zo.

Abin da ke damuna, azuzuwan yaƙi da jahilci galibi kan tsaya a karatu da rubutu da lissafi. Alhali dattawan nan su ake kai wa shaidar ganin wata, su ke tantance ta kafin ta isa ga hakimi. Ya kamata a ce sun san cewa jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba, da wuya ƙwarai ido ya kama shi.