Sabon gidan abinci da jajibirin tsere

A ƴan shekarun nan, da wuya mutum ya ratsa unguwa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, bai ci karo da sabon gidan abinci ba. Wani rumfar kwano ce da tabur biyu da benci, wani kuma ɗaki ne mai fenti da fanka da firigo. Ana sayar da shinkafa da miya, da dafa-duka, da taliya, da dambu da zogale, da tuwon masara da miyar kuka ko ta kuɓewa. Wasu gidajen, musamman na matan da suka zo daga ƙasashen gaɓar teku, suna kawo girkin da ƴan unguwa ba su saba da shi ba, kamar shinkafa da kifi irin ta Sanagal, ko aceke na Kodebuwa. Abin alheri ne, domin ma'aikaci da gwauro da ɗan lakwal sun sami inda za su ci, mai girki kuma ta sami sana'a.

Amma akwai mutum guda a unguwa wanda ya kamata ya dakata kafin ya zauna bisa bencin nan. Shi ne matashin da ake gani kullum bayan sallar asuba yana gudu a bakin titi, wanda tsere yake jiransa nan da mako guda, ko na lakwal, ko na soja, ko na jiha.

Matsalarsa ba ta kuɗi ba ce, sau da yawa ma kyauta za a ba shi. Mai gidan abincin maƙwabciya ce, ta san mahaifiyarsa, ta ji labarin zai je ya wakilci unguwa, sai ta aiko yaro ya kira shi ya zo ya ci ya ƙara ƙarfi. Abokai kuma suna ta yabon miyar wurin. Ƙin abincin da babba ta miƙo ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa. Ga kunya, ga kwaɗayi, ga kuma horon wata uku ko huɗu wanda kwano ɗaya yake iya zubarwa ƙasa.

Abin da ya faru a Landan

Wanda yake ganin ciwon ciki bai isa ya hana gwani gudu ba, sai ya dubi abin da ya sami Isaac Makwala, ɗan ƙasar Botsuwana, a gasar guje-guje ta duniya da aka yi a birnin Landan cikin watan Agusta na 2017. Makonni kaɗan kafin gasar, a birnin Madirid, ya yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 43.92, ya kuma yi na mita 200 cikin daƙiƙa 19.77, duk a rana ɗaya. Saboda haka ana sa shi cikin waɗanda za su iya ɗaukar zinariya. Sai ciwon amai da zawo ya ɓulla a masaukin da aka sauke wasu ƴan wasa, ya kama mutane wajen 30. Makwala ya yi amai, likitoci suka ce a keɓe shi har awa 48. Ran 8 ga watan, ya zo ƙofar filin wasa domin gudun ƙarshe na mita 400, yana cewa lafiyarsa lau, aka hana shi shiga. Aka yi tseren layinsa yana nan ba kowa, Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya ci.

Kashegari aka ba shi damar gwada mita 200 shi kaɗai, ba abokin karawa, ana ruwan sama. Ya yi shi cikin daƙiƙa 20.20, ya wuce, har ya kai gudun ƙarshe, inda ya zo na shida. An yabi zuciyarsa ƙwarai, amma tseren da ya fi ƙwarewa a kai ya riga ya wuce shi. Makwala bai nemi ciwon da kansa ba, a masauki ya tarar da shi. In haka ta faru ga wanda likitoci suke kewaye da shi, ina ga matashin da zai kai kansa gaban tukunyar da bai sani ba ana saura kwana biyu?

Likitoci sun nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke bin abinci ba su da lokaci ɗaya na bayyana. Dafaffiyar shinkafa da ta yini cikin zafi tana iya haifar da gubar da ɗumame ba ya kashewa, wadda ke sa amai cikin awa 1 zuwa 6. Wasu ƙwayoyin, irin na ɗanyen salati da aka wanke da ruwa marar tsabta, ko na ƙwai da kaza da ba su dahu sosai ba, sukan kwana ɗaya zuwa uku kafin su tashi. Watau abincin ranar Alhamis yana iya kayar da mai gudu ranar Lahadi. Zawo na yini guda ya isa ya ƙarar da ruwa da gishirin jiki, kuma a ƙasar da zafi ke haura awo 40 a watan Afrilu da Mayu, mai gudun da ya fara tsere da ƙarancin ruwa ba faɗuwa kaɗai yake nema ba, yana iya ƙarewa a gadon likita.

Wannan ba zargi ba ne ga sababbin gidajen abinci. Da yawa daga cikinsu sun fi tsofaffin tsabta, tun da mai sabon wuri tana neman suna. Ko da girkin ba shi da aibi ko kaɗan, baƙo ne ga ciki. Lokacin da mutum ke gudu da ƙarfi, jini yana barin hanji ya koma ƙafafu da fata, sai narkewar abinci ta yi rauni. Man da ya yi yawa yakan daɗe cikin tumbi, tonka yakan tayar da hanji, wake yakan kumbura ciki. Cikin da ya saba da yajin gidansu ya san yadda zai yi da shi. Na wani gida kuwa, sai an gwada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abincin da jiki yake nema

Jiki yana ajiye wani irin sukari cikin tsoka da hanta, kusan rabin kilo ga babban mutum, kuma masana a ƙasar Suwidin sun nuna cikin shekarun 1960 cewa shi ne makamashin gudu. Ajiyar tana fitowa daga hatsi da dangoginsa. A gudun famfalaki, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, takan ƙare wajen kilomita na 30, inda ƙafafu ke yin nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Ron Hill na Ingila yana cikin na farkon da suka yi aiki da wannan ilimi, ya cika ajiyarsa da abincin hatsi kafin tsere, ya kuma ci gudun famfalaki na gasar Turai a birnin Atan cikin 1969.

Ɗan Nijar ba ya bukatar neman wannan abinci da nisa. Tuwon gero, da shinkafa, da taliya, da masa, da kunu, duk su ne. Wanda zai yi kilomita 5 ko 10 ma ba ya bukatar ƙarin komi bisa abin da ya saba ci, domin ajiyarsa ta ishe shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika ciki da nama da mai a daren jajibiri, wai don ƙarfi. Abin da ya dace shi ne a ci da wuri, a ci daidai, da safe kuma a sha kunu ko a ci ɗan burodi da shayi awa 3 kafin tashi.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya ci zinariyar gudun famfalaki a wasannin Olimfik na Riyo cikin 2016, ya sake ci a na Tokiyo da aka yi cikin 2021, ya yi shekarunsa na ɗaukaka yana kwana a sansanin horo na Kaptagat daga Litinin zuwa Asabar, iyalinsa suna garin Eldoret. Yana da dukiyar da zai ci abin da ya ga dama, amma abincinsa bai wuce ugali ba, watau tuwon masara na ƙasarsu, da ganye, da wake, da burodi, da shayi da madara. Ran 12 ga Oktoba 2019, a birnin Biyana, da ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa, kunun hatsi ya sha da asuba. Hukumar guje-guje ba ta rubuta wannan lokaci cikin kundinta ba, saboda an shirya masa masu ja masa gudu suna canji. Duk da haka, ranar da duniya ta zuba masa ido, bai sa wa cikinsa wani baƙon abu ba.

Shirin zuciya

A nan ne maganar abinci take haɗuwa da ta zuciya. Kowane mai gudu yana jin faɗuwar gaba kafin tsere, har da manya. Ba cuta ba ce, jiki ne yake shiri. Abin da ke ɓata mutum shi ne shakka: ko takalmin nan zai cije ni, ko hanyar tana da hawa, ko miyar jiya za ta tashi. Tsoro kansa yana motsa hanji, saboda haka wanda ya ci abin da bai yarda da shi ba, da ya ji ɗan murɗa a layin tashi, ba zai iya bambance ko fargaba ce ko ciwo ne ba, sai hankalinsa ya bar hanya ya koma ciki. Wanda ya ci tuwon gidansu kuwa ya san fargaba ce, za ta wuce cikin kilomita na farko.

Ƴan kokowa sun riga ƴan gudu sanin wannan. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa cikin 1975, sananne ne cewa ɗan kokowa ba ya karɓar abinci ko ruwa daga hannun da bai sani ba in gasa ta matso. Shi sammu yake gudu, likita kuma zai ce ƙwayar cuta ya kauce wa. Kowanne aka ɗauka, yana shiga fili ba tare da shakkar cikinsa ba, kuma wannan kaɗai rabin ƙarfi ne.

Sauran shirin duk kan hanya ɗaya yake, watau rage abin da ba a sani ba. Mai gudu ya bi hanyar tseren da ƙafa ko da keke kwanaki kafin ranar, ya ga inda yashi yake, da inda iskar hunturu za ta fuskance shi, da inda za a ba da ruwa. Ya raba nisan kashi-kashi cikin ransa, kada ya ɗauki kilomita 10 a dunƙule, ya ɗauki daga nan zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gada. Ya yanke tun yana gida irin saurin da zai fara da shi, domin ihun jama'a da kiɗa sukan sa matasa su zabura kamar tseren mita 100, su ƙare kafin rabin hanya. Ya kuma sa a ransa cewa lokacin wuya zai zo, wanda zuciya za ta ce masa ya tsaya, ya shirya abin da zai gaya wa kansa a lokacin. In barci ya ƙi zuwa a daren jajibiri, kada ya damu; wanda ya yi barci sosai cikin makon, dare ɗaya ba zai kayar da shi ba.

Duk da wannan, akwai abin da ba a shirya masa. A Balin cikin 2015, shimfiɗar cikin takalman Kipchoge ta zame ta fito tun farkon tsere, tana ta kaɗawa a dugadugansa. Bai tsaya ba, ya ƙare ƙafafunsa da ƙuraje, ya kuma ci tseren cikin awa 2 da minti 4. Mutumin da ya riga ya kawar da damuwar da ke hannunsa yana da sauran hankalin da zai tari wadda ta faɗo masa.

To, yaya za a yi da maƙwabciya? Ba sai an ɓata mata rai ba. Matashi ya je da kansa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce: "Inna, mai horo ya hana mu canza abinci sai an gama. A ajiye mini kwanona, ranar Lahadi da yamma zan zo da abokaina." Za ta fi jin daɗin ƴan gudu biyar masu yunwa bayan tsere bisa mutum guda kafinsa. In kuwa yana son wurin ya zama nasa na kullum, sai ya fara gwada shi ana saura wata guda. Ya je da rana lokacin da aka sauke tukunya, ya karɓi abinci yana tururi, ya dubi ruwan da ake wanke kwanoni da shi, da inda ake ajiye nama in wuta ta ɗauke, ya bar ɗanyen ganye da ƙanƙara. Kashegari ya yi horonsa ya ji yadda ciki ya karɓa. In ya yi haka sau uku ko huɗu lafiya, girkin ya zama sananne, zai iya cin sa har a makon tsere.

Akwai kuma nauyin da ke kan magabatan wasanni da shugabannin lakwal. Matashin da aka ɗauko daga Damagaram zuwa Yamai ya yi tafiyar kilomita wajen 900, yana cin abin da ya samu a tasha, yana shan ruwan da aka miƙo ta taga. Shi ba zai iya cin tuwon gidansu ba ko ya so. Ya kamata a iso da ƴan gudu ana saura kwana biyu aƙalla, a damƙa girkinsu ga hannu ɗaya da aka sani, a yi musu abinci mai sauƙin mai da yaji, a raba shi da zafinsa, a kuma tanadi ruwan sha mai tsabta a masauki. Wanda ke rakiyarsu ya riƙe ƙunshin ruwan gishiri da sukari na gidan likita. In babu shi, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a ba duk wanda zawo ya kama, a kai shi gidan likita, kuma kada a bar shi ya shiga tsere kashegari ko da ya roƙa.