Motar ɗaukar bisashe ta rage ƙarfi: ta ina za a fara dubawa?

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo, yau ƙungiyoyi da dama sun mallaki ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, Toyota Hilux, Land Cruiser ko tsohuwar Peugeot 504. Da ita ake kai tumaki kasuwar Dakoro, Abalak ko Tanut, da ita ake ɗauko dusa da ƴaƴan auduga lokacin bazara. In ta gaza a hanya da rana tsaka, asarar ba ta tsaya ga ƙarfe ba: dabbobin da ke cushe a baya suna galabaita, wata ma ta mutu, kasuwa ta watse ba a isa ba, allurar rigakafin da ke cikin akwatin ƙanƙara ta lalace.

Mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan fara da nauyin jiki: a taka mata wuta ta ƙi tashi, tudun da take hawa da giya uku ya zama sai da biyu. Makiyayi ba ya ɗura wa saniya magani sai ya duba numfashinta, cinta da kashinta. Haka za a yi wa mota. A fara da abin da ba ya cin kuɗi, a ƙare da mai tsada.

Tambayar farko: injin ne, ko wani abu ke riƙe motar?

A duba lodi. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don su ɗauki wajen tan 1, wato kilo 1.000, har da mutanen da ke ciki. Buhu 20 na dusa mai kilo 50 sun riga sun cika shi. Tano 5 na ruwa mai lita 200 ma haka. Manyan shanu 3 sun kai ko sun wuce. Motar da aka ɗora wa ninki biyu ba ta da ciwo, kaya ne suka fi ƙarfinta.

A duba iskar taya. In an rage ta don ratsa rairayi, a mayar da ita da an hau kwalta. A kuma tabbata an cire giyar taimako ta ƙafa huɗu.

A duba birki. Bayan an yi ɗan tafiya ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kai hannu kusa da ƙarfen kowace ƙafa. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, birkinta na kamawa.

A duba kuloci, wanda wasu ke kira ambarayaji. Alamarsa a fili take: inji na ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba, wani lokaci har da warin ƙuna. Gwajinsa: a fili inda babu mutum ko dabba a gaba, a ja birkin hannu, a sa giya huɗu, a ɗan taka wuta, a saki kuloci sannu a hankali. In injin ya mutu, kuloci na da kyau. In ya ci gaba da aiki, farantin ya cinye.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a koma ga inji. Abu huɗu yake bukata: iska, mai, wuta, da hanyar fitar hayaƙi.

Iska

Kafin inji ya ƙone lita 1 na isansi, yana shaƙar iska wajen lita 9.000. Duk wannan iska ta cikin filtar take bi. Da hunturu, ko a kan hanyar jan ƙasa bayan garke ya tada ƙura, filtar na toshewa da wuri, inji ya shaƙe. A buɗe akwatin, a fiddo ta, a bubbuga a hankali, a ɗaga ta wajen rana. In haske bai ratsa takardar ba, ko ta yage, a canza ta. Kada a wanke filtar takarda da ruwa ko da mai. Kada kuma a cire ta a ce mota ta samu numfashi: rairayin da zai shiga zai goge cikin inji kamar dutsen niƙa. A duba tiyon roba da ke tsakanin filtar da inji ko ya tsage.

Mai

Nan ne aka fi samun matsala a karkara. Man da aka saya a kwalba ko aka ajiye cikin tsohon tano yakan zo da ƙasa, tsatsa ko ruwa. Alamar toshewar filtar mai ita ce: mota na tashi lafiya, tana tafiya lafiya a hankali, amma da an nemi gudu ko an fara hawa sai ta riƙa shiɗewa kamar mai ya ƙare.

A motar gazuwal, ƙarƙashin filtar akwai ɗan makunni na zubar da ruwa, saboda ruwa ya fi gazuwal nauyi, ƙasa yake kwanciya. A tara kwalba mai haske, a kwance makunnin, a bari ya zubo har sai gazuwal zalla ke fita, a ɗaure. Sannan a danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar har ya yi tauri. In ya ƙi yin tauri, iska na shiga ta wani tiyo ko wata mahaɗa, sai a bi layin a nemo inda ya jiƙe.

Wani abu kuma da ake mantawa: murfin tanki. In motar ta gaza bayan doguwar tafiya, aka buɗe murfin aka ji ya ja iska da ƙarfi, sannan ta dawo daidai, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe.

Wuta

Motar isansi da buji take kunna mai. In buji ɗaya ba ya aiki, inji na rawa, yana tari, ƙarfi ya ragu. A bari ya huce, a kwance su ɗaya bayan ɗaya a dubi bakinsu. Ruwan ƙasa-ƙasa: lafiya. Baƙin kunkunniya busasshe: mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Jiƙe da baƙin mai: inji na shan mai. Fari fat: mai ya yi kaɗan, inji na zafi. A duba wayoyinsu ma ko sun tsattsage.

Motar gazuwal ba ta da irin wannan buji. Matsin iska ne ke kawo zafin da ke kunna mai, injekta kuma ta fesa shi a daidai lokacinsa. Gyaran injekta da famfon gazuwal aikin mai na'urar awo ne. Kada a bar kowa ya murɗa famfo don "ƙara wuta". Abin da zai ƙaru shi ne hayaƙi, shan mai da zafin inji.

Hayaƙi na faɗin ciwo

A sa wani ya taka wuta, a tsaya gefe a duba salansa bayan inji ya yi ɗumi.

Baƙin hayaƙi: mai ya fi iska yawa. A fara zargin filtar iska, sannan injekta.

Shuɗin hayaƙi: inji na ƙona baƙin mai. Ringi sun cinye, ko turbo na yoyo in motar na da shi. Za a ga baƙin mai na raguwa a sandar awo.

Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal da yaji a ido: man bai ƙone ba, injekta ce ko lokacin fesawa ya goce. In kuwa fari ne kamar tururi, ruwan radiyatar kuma na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. A tsayar da motar, kada a matsa mata.

A leƙa ƙarƙashi kuma. Salansar da kututture ko dutse ya lanƙwasa tana riƙe hayaƙi, inji ya kasa shaƙar sabuwar iska.

Zafi

Injin da ya yi zafi fiye da kima ƙarfinsa na faɗuwa. Bayan damana, ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa na cika fuskar radiyatar. A share su, a duba bel ɗin fanka ko ya saki. Kada a taɓa buɗe murfin radiyatar inji na da zafi, tafasasshen ruwa zai watso fuska.

Sababbin motoci

Hilux ɗin da aka ƙera daga 2005 zuwa yau, mafi yawansu kwamfuta ce ke auna musu mai. In ta ga wani abu ba daidai ba, sai fitilar inji ta kama a gaban direba, ita da kanta ta rage ƙarfin motar don kada inji ya lalace. Binciken da muka lissafa a sama duk yana nan, amma bayansa sai an kai ta wurin makanike mai na'urar karanta kwamfuta, irin waɗanda ake samu a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Gargaɗi: matsin gazuwal a bututun waɗannan injuna ya wuce bar 1.000. Kada a kwance su, kada a kai hannu inda suke yoyo inji na aiki, man na huda fata.

In an je gareji

A gaya wa makanike abin da aka gani: yaushe abin ya fara, da lodi ko babu, da sanyi ko bayan inji ya yi zafi, wane irin hayaƙi, ina aka sha mai na ƙarshe. In ya ce sai an sauke inji, a nemi ya fara auna matsin kowace silinda. Awon ne zai nuna ko ringi da bawul sun gaji. Duk abin da aka canza, a karɓi tsohon.

Rigakafi ya fi magani

Ƙungiya ta ajiye littafi cikin motar, direba ya riƙa rubuta kilomita da ranar kowane aiki. Tsofaffin injunan gazuwal masu aikin daji, a yi musu juyen baƙin mai duk kilomita 5.000. Masu bel ɗin cikin inji, a canza shi tsakanin kilomita 100.000 da 150.000, yadda littafin motar ya ce, don in ya tsinke a hanya yana iya fasa inji. A tace duk man da ba na gidan mai ba da ƙyalle mai tsabta, a bar tano ya kwanta kafin a ɗiba, kada a zuƙe na gindi. A riƙe filtar mai da ta iska na ajiya a ƙarƙashin kujera.

In kuwa duk da haka mota ta tsaya da dabbobi a baya, a fara da su. A sauke su, a kai su inuwa, a ba su ruwa, sannan a buɗe kan mota.

Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke.