BAƘIN BAZARA SUN SAUKA A TELWA

Jama'ar Agadez, ku ɗaga kai ku duba itatuwa. Daga watan Maris zuwa Afirilu ƙananan tsuntsaye baƙi suna cika bagaruwa da goriba a korin Telwa, da garake na Timiya da Iferwan. Matafiya ne. Sun yi sanyi a ƙasashen kudu, yanzu za su koma Turai su yi ƙwai. Cikinsu akwai tsattsewa da kurciyar Turai.

Gabansu akwai hamada, fiye da kilomita 1,500. Wani tsuntsun bai kai nauyin giram 20 ba. Shi ya sa suke yada zango a Ayar, su sha ruwa, su ci ƙwari, su ƙara ƙiba, wadda ita ce guzurinsu. In babu itace, babu zango. Bayan farin 1968, masana a Ingila sun ga wani irin tsuntsu ya ragu ƙwarai a 1969, domin ya rasa abinci a Sahel.

Gwamnati ta keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Amma doka kaɗai ba ta tsare itace.

Masu garka, tsuntsun da ke cin tsutsa ma'aikacinku ne marar albashi. A hana yara harbinsa da danƙo, a bar saran ɗanyen itace. Wanda ya tsinci mushe da zoben ƙarfe a ƙafa, ya kai wa ma'aikatan gandun daji: lambar zoben tana faɗin ƙasar da ya fito.