Ko Ka San Inda Eko Yake Kwana a Cikin Amfilifaya?

In mai gabatarwa a wurin biki ya ce "jama'a" ka ji muryar tana komowa sau uku tana dusashewa, akwai wanda ya yi wannan aikin: wani ɗan baƙin abu mai ƙafa 16 da bai kai rabin ɗan yatsa ba. Masu gyaran rediyo aisi suke ce wa irinsa. Wannan sunansa PT2399, kamfanin Princeton Technology na Taiwan ne ke ƙera shi, kuma an fi samunsa a injinan karaoke da ƙananan amfilifaya masu ramin makirfo. Idan amfilifayar ta ƙone, sau da yawa shi lafiyarsa kalau, amma haka ake haɗa shi da fanel a miƙa wa 'yan jari bola. Abin yana mini ciwo.

Ga yadda yake aiki. Sauti ya shiga, sai ya mai da shi lambobi, ya ajiye a 'yar ma'ajiya mai kilobit 44, ya jinkirta, sannan ya sake shi. Tsawon jinkirin yana hannun resista ɗaya tak da ke ƙafa ta 6. Ka cire ta ka sa bolyum a gurbinta, to eko ya dawo hannunka: murɗa nan ya gajarce, murɗa can ya kai kamar sulusin sakan. Kana iya tura shi ya wuce haka, sai dai sautin zai fara dishewa da ƙura-ƙura, don 'yar ma'ajiyar ba ƙaruwa take ba, jan ta kawai ake yi. Abin mamaki, wannan dishewar ce masu kaɗa jita a Turai da Amurka suke bi, saboda tana kama da ekon tsofaffin injinan tef. Shi ya sa masu haɗa akwatunan sauti a gida suka rungume shi. Ni kuwa kullum tunanina gurmi ko kuntigi a ce an bi da su ta cikinsa.

Maƙwabcinsa a fanel, mai ƙafa 8 da lamba 4558, shi ma yana da tarihi. Irinsa ne, JRC4558D, a cikin Tube Screamer TS808 na Ibanez da ya fito daga Japan a 1979, akwatin sautin da ake alaƙantawa da makaɗin jita Stevie Ray Vaughan. Har yau wasu na farautar tsofaffinsa, alhali abu ne mai araha da ya cika rediyo mai kaset. A ganina gurnanin da suke so ya fi fitowa daga dayod biyu da kafasitocin da ke kewaye da shi. Sai wani aisin, LM386: batir mai bolt 9, kafasita biyu da ƙaramar lasifika, ka sami amfilifayar da za ta shiga gwangwanin madara.

Wurin cire aisi daga fanel ake yawan asara. Zafin dalma in ya daɗe a ƙafa yana kashe aisi, don haka a tsotse dalmar ƙafa-ƙafa, ana bari yana hucewa. A sabon fanel kuma a dasa soket, a cusa shi ciki, don in ya ƙi a zare a gwada wani. Kuma PT2399 bolt 5 yake ci. Kada a haɗa shi kai tsaye da batir mai 9. A sa mai rage bolt 78L05 a tsakaninsu.