Jan ɗigo ko filin horo: inda mai bindiga a Amurka zai zuba kuɗinsa

Duk wanda ya kalli silimar Terminator ta shekarar 1984 zai tuna da jan ɗigon hasken nan da ya fito daga bindigar Arnold Schwarzenegger ya sauka a goshin matar da yake nema ya halaka. Wannan na'ura, wadda ake kira lazar, kamfanin Laser Products na jihar Kaliforniya ne ya haɗa ta. A wancan zamani tana da girma ƙwarai, har sai da aka ɓoye batirinta cikin rigar ɗan wasan. A yau kuwa ba ta fi akwatin ashana ba, kuma cinikinta ya bunƙasa: kamfanin Crimson Trace, wanda aka kafa a jihar Oregon cikin 1994, Smith & Wesson ya saye shi cikin 2016 a kan dalar Amurka miliyan 95.

A Amurka, inda tsarin mulki ya bai wa ɗan ƙasa damar mallakar makami, mutum yakan sayi ƙaramar bindiga don tsaron gidansa, kuɗi kaɗan su rage masa a aljihu. Daga nan sai shawara ta rabu biyu: ya sayi lazar, wadda farashinta yakan kama daga dala 100 zuwa 400, ko kuwa ya kashe kuɗin nan wajen sayen harsasai da biyan malamin harbi? Kuɗin lazar mai kyau, in kasuwa ta lafa, suna iya sayen harsashi wajen 1000.

Amfanin na'urar ba ɓoyayye ba ne. A harbi na al'ada, dole mutum ya daidaita saitin baya da na gaba da abin da yake auna, ido kuma ba ya iya ganin ukun nan tangaran a lokaci guda. Lazar takan rage wannan wahala: inda ɗigo ya sauka, nan bakin bindiga ya dosa. Ga dattijon da ganinsa ya raunana, ko wanda aka kayar ƙasa bai samu damar ɗaga makami zuwa ido ba, wannan taimako ne babba.

Amma fa na'urar tana da iyaka. Ƙarfin hasken da ake sayar wa jama'a bai wuce miliwat 5 ba, don haka jan ɗigo yakan ɓace cikin hasken rana. Kore ya fi fitowa da rana, sai dai ya fi tsada, ya fi cin batir. Hakanan lazar ba fitila ba ce: cikin duhu tana nuna inda harsashi zai bi, amma ba ta nuna fuskar wanda ke tsaye bakin ƙofa, ɓarawo ne ko ɗan gida ne da ya yi dare a waje.

Babbar matsalar kuwa tana ga hannu. Yawancin kuskuren sabon maharbi daga jan kunama yake fitowa: yakan fizge ta, ko ya dunƙufar da bakin bindiga don tsoron ƙara. In bakin ya kauce da digiri 1 kawai, a nisan mita 10 harsashi zai baude da santimita 17. Ɗigo yana kan wurin da ake so, amma kafin harsashi ya fita hannu ya riga ya motsa. Babu na'urar da ke gyara wannan sai maimaici.

Alƙaluman ƴan sanda sun isa darasi. Binciken da cibiyar RAND ta fitar cikin 2008 a kan ƴan sandan birnin Niyu Yok ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kaɗai na harbinsu ke samun wanda suka auna. In ba a mayar musu da wuta ba, kashi 30. Waɗannan ma'aikata ne da aka horar. Ina ga wanda ya sayi bindiga ya jefa ta cikin akwati? Kuma duk harsashin da ya kuskure, wani wuri zai faɗa.

Lokaci ma ba ya jira. Cikin 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar mita 6 da ɗoriya cikin sakan ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Wanda ya tsaya neman ɗigo a bango cikin wannan ƙiftawar ido ya makara.

Shi ya sa makarantun harbi, irin Gunsite da Jeff Cooper ya kafa a jihar Arizona cikin 1976, suke farawa da ƙa'idojin kiyaye rai: a ɗauki kowace bindiga tamkar tana da harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an daidaita saiti, a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Ba a sayar da ɗaya daga cikin huɗun nan a kanti.

Abin mamaki, a wajen horon ne lazar ta fi biyan kuɗin sabulu. In mutum ya cire harsasai duka, ya auna bango, ya ja kunama, rawar ɗigon za ta tona masa asirin hannunsa. Wato ita ma'auni ce ga mai koyo, ba madadin koyo ba.

Saboda haka lissafin a fili yake. Mai kuɗin abu biyu ya sayi biyun. Mai kuɗin abu guda kuwa ya fara da malami da harsasai, domin batir yana mutuwa, saiti yana gocewa, amma abin da hannu ya saba yana nan muddin ana bita. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.